Yadda ake buga hoton kyakkyawar mace da katako irin na Japan

Idan hoton mace irin na Kitagawa Utamaro, shahararren mai zane na Japan, ya shigo hannunka, ko da sabon bugu ne, bar ido da baki tukuna. Matso da shi kusa da haske ka dubi goshi, daidai inda gashi ya fara. Za ka ga sili-sili suna fitowa daga cikin baƙin gashin, kowanne yana sirancewa har ya ɓace a fata. Kowane sili a nan katako ne da wani ya bari a tsaye bayan ya yanke damansa da hagunsa da wuƙa. Ranar da na gane haka na rasa sukuni, sai da na nemi wuƙa da katako.

Japanawa suna kiran waɗannan hotuna bijin-ga, wato hoton kyawawa, reshe ne na ukiyo-e, hotunan rayuwar birni da galibi ake bugawa da katako, da ya bunƙasa a zamanin Edo (tsohon sunan Tokyo), daga 1603 zuwa 1868. Da fari baƙi ne zalla, wani lokaci a ƙara launi da hannu. A 1765 Suzuki Harunobu ya fito da bugu mai launuka da yawa, aka sa masa suna nishiki-e don ya yi kama da saƙar alharini mai ado. Utamaro kuwa, a shekarun 1790, tare da mai ɗab'i Tsutaya Juzaburo, shi ya jawo fuskar mace kusa har kai da kafaɗa suka cika takarda. A wancan zamani mutum huɗu ke ɗauke da aikin: mai ɗab'i da ke zuba kuɗi, mai zane, masassaƙi, da mai bugu. Kai da za ka gwada a gida, duk huɗun kai ne, don haka ka yi wa kanka sauƙi: hoto ɗaya, kai da kafaɗa, launi uku ko huɗu bayan baƙi.

Abin da za ka tanada

Katakon asali shi ne yamazakura, itacen ceri na daji, mai tauri da laushin fuska, wanda ke riƙe siririn layi ba ya ɓarewa. Masu koyo a yau sun fi amfani da filawud ɗin shina, don ya fi taushi da araha. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, je wurin kafinta ka nemi busasshen katako mai matsattsen jiki, marar ƙulli, ka goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar bayan cokali. Ana sassaƙa gaba da baya, saboda haka falle uku sun ishe ka launi shida.

Wuƙar yanka layi sunanta hangi-to, bakinta a karkace yake, gefe ɗaya kawai ake wasawa. Ita ce uwar aikin. Sai cizal mai kwarmi na kwashe fili, da mai faɗin baki da ake kira aisuki na share tudu-tudun da ya rage, da ƙaramar guduma ta katako, da dutsen wasa wuƙa. Kada ka yi rowa a kan dutsen nan. Dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe katako, kuma ita ce ke zamewa ta shiga hannu.

Buroshin shafa launi na gashin doki ne, gajere mai cika. Masu sana'ar suna ɗan babbaka bakinsa su goga a fatar kifin shak har kowane gashi ya tsage ya yi laushi; samfefa mai kaushi tana yin kusan aikin. Sai baren, faifan da ake danna takarda da shi a madadin inji. Na asali igiya ce da aka tuƙa daga zaren ɓawon gora aka naɗe ta kamar gammo, aka ɗora mata marfi na takardu da aka manne aka shafe da fenti mai tauri, sannan aka lulluɓe duka da ɓawon gora guda. Akwai na roba masu araha, kuma sun isa ga mai farawa.

Baƙin tawada sunansa sumi, kunkunniya ce da aka haɗa da gam na fatar dabba. Sauran launuka duk na ruwa ne, babu mai ko kaɗan, don haka fentin ruwa na masu zane zai yi maka. Za ka kuma dama nori, kunun shinkafa: cokali ɗaya na garin shinkafa, cokali biyar ko shida na ruwa, a wuta kaɗan kana juyawa har ya yi shara-shara. Tace shi, ka bar shi ya huce. Ba ya kwana da yawa, dama kaɗan-kaɗan.

Takarda kuwa washi ce ta ɓawon itacen kozo, mai dogon zare, wadda ke shan ruwa da murza sau goma ba ta yage ba. Mafi shahara ita ce hosho ta Echizen, a lardin Fukui. Nemi wadda aka riga aka shafa wa dosa, ruwan gam da alif, alam ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta. Idan babu dosa launi zai nashe, zaren takarda kuma ya manne a katako. Girman da aka fi sani shi ne oban, wajen santimita 39 da 26. Kai fara da rabinsa.

Zanen

Kafin ka ja layi, ka san wace ce kake zanawa, domin a waɗannan hotuna sutura da kitso su ke faɗin ko wace ce mace. Riga mai dogon hannu da ke reto, furisode, ta budurwa ce. Baƙaƙen haƙora alamar matar aure ne, askakkiyar gira kuma galibi ta wadda ta haihu. Ɗamarar obi da aka ƙulle ta gaba, ga tarin tsinkunan ado a ka, ta manyan matan Yoshiwara ce, unguwar karuwai ta birnin Edo. A nan ina so mai koyo ya tsaya ya yi tunani. Da yawa daga cikin matan Yoshiwara tun suna ƙanana iyayensu matalauta suka miƙa su a kan bashi, kuma alharinin da ke cikin hoton yana rufe wannan baƙin ciki. Ni na fi son matan da Utamaro ya ɗauko daga rayuwar yau da kullum, irin Naniwaya Okita mai kawo shayi a wani shago kusa da wurin ibada na Asakusa, ko mace tana karanta wasiƙa, ko tana taje kai. Irin wannan nake ba ka shawara ka zana.

Fuskar layi kaɗan ce: ido siriri, hanci layi ɗaya mai lanƙwasa, baki ɗan mitsitsi, fuska ta ɗan juya gefe, wuya dogo, ƙeya a buɗe. Babu inuwa. Fatar fuska ma sau da yawa ba a buga mata komai, farin takardar ne ake bari. Wannan ke nuna maka cewa duk ɗigon datti da ya sauka a kumatu ya zauna ke nan.

Yi zanen ƙarshe da baƙar tawada a kan takarda shara-shara. Sunansa hanshita. A kusurwar ƙasa ta gefe ɗaya ja alama mai siffar kwana, a gindin takardar kuma can gaba ja gajeren layi miƙaƙƙe. Za mu dawo kansu. Ɗauki hoton zanen da waya ka ajiye, don wuƙa za ta cinye shi gaba ɗaya.

Mannawa da yanka

Shafa nori a katako da tafin hannu, ka ɗan daddaɓa shi har ya yi yauƙi daidai ko'ina. Kifa zanen a kai, fuskarsa ƙasa, ka lallaɓa daga tsakiya zuwa gefe ba tare da ka ja shi ba. Kafin ya bushe sarai, jiƙa yatsa kaɗan ka riƙa murza bayan takardar, zarenta na naɗewa yana fita, har layukan su bayyana. Idan ya bushe, ɗigon mai kaɗan zai sa layin ya fito raɗau. Hoton yanzu a juye yake kamar a madubi, bugu ne zai maido shi daidai.

Riƙe wuƙa a dunƙulen hannu, babban yatsa a kan ƙarshen ƙota, yatsan ɗaya hannun yana tallafe da ita ta baya. Kana jan ta zuwa gare ka a hankali, a karkace, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, kamar kunyar gona. Idan ka yanka a tsaye ko ka shiga ƙarƙashin layin, baren zai karya shi a bugu na biyar. Yanka gefe ɗaya, ka juya katakon ka yanka ɗayan, sannan ka yi yanka na biyu ɗan nesa da na fari don siririn katako ya fita ya bar kwari. Daga nan cizal ya kwashe fili, faɗin yatsu biyu ko uku kewaye da kowane layi, aisuki kuma ya bi ya share. Duk lokacin da kake tura cizal, hannunka na hagu ya kasance a bayan bakinsa.

Fara da riga, inda layuka ke da kauri kuma kuskure ba ya ihu. A shagunan Edo ma haka aka raba aikin: masu koyo da matsakaita su yi jiki da tufafi, gwani na gwanaye shi ke yin kai. Sai hannunka ya faɗa kafin ka je fuska.

Gashin goshi shi ake kira kewari, kuma a nan sunan masassaƙi yake tashi ko ya faɗi. Mai zane ba ya zana kowane sili, yakan nuna iyakar gashin ne kawai, masassaƙi ya raba shi da idonsa. Gwanaye suna fitar da sili uku a cikin milimita ɗaya, wani lokaci sai an dasa guntun itacen tsuge, wanda ya fi ceri tauri, a daidai wurin. Kai nemi sili ɗaya a kowace milimita, ka gode Allah. Wasa wuƙa sabuwa kafin ka fara. Yanka kowane sili daga cikin gashi zuwa goshi, yanka biyun su haɗu a tsini. Kada su zama jere kamar haƙoran mataji. Bari wani ya fi wani tsawo kaɗan, duka su bi lanƙwasar kai. Yi goma ka tashi ka huta idonka. Na taɓa nacewa da yamma ina son in gama, wuƙa ta zame ta share sili shida a lokaci guda, matar ta fito da sanƙo a gefen goshi. Katakon yana nan a ɗakina, kuma tun ranar ban ƙara yin kewari ba sai da safe.

Yanzu alamun nan biyu. Sunansu kento: ta kwana ita ce kagi, miƙaƙƙiyar kuma hikitsuke. Sassaƙa su a jikin katakon, ɗan mataki marar zurfi, kaurin takarda biyu ko uku, yadda gefen takarda zai zauna ya tokare. Da waɗannan ƙananan yanka biyu ne launi goma ke sauka wuri ɗaya. Ka yi su da natsuwar da ka yi ido da ita.

Raba launuka

Wanke ragowar takarda daga katakon layi. Shafa sumi har kan kento, ka buga a takarda shara-shara, kofi ɗaya ga kowane launi. Waɗannan su ne kyogo. A kowanne cike wurin da launi ɗaya zai hau da jan alƙalami: ɗaya na riga, ɗaya na ɗamara, ɗaya na leɓe da cikin hannun riga, ɗaya na bango. Ƙara ɗaya na gashi, toka-toka, wanda zai kwanta ƙarƙashin baƙin ya ba shi nauyi. Manna kowanne a kife a kan nasa katako, ka sassaƙa kento ɗinsa daidai inda ya fito, ka bar wurin launin a tsaye ka kwashe kewayensa. Bari launin ya shiga har tsakiyar baƙin layi, don kada farin tsaga ya bayyana tsakaninsu.

Kada yawan launi ya ruɗe ka. A 1842 gwamnatin Edo ta taƙaita launukan bugu zuwa bakwai ko takwas, masu sana'a kuma ba su rasa abin yi ba, domin launi kan launi yana haifar da na uku. Shuɗi a kan rawaya ya ba ka kore, ja a kan shuɗi ya ba ka shunayya.

Jiƙa takarda

Wannan mataki shi mutane suka fi rainawa, shi kuma ya fi kayar da su. Yanka takardunka daidai, kusurwar da za ta shiga kagi ta zama kwana cif. Da daddare jiƙa jaridu da faffaɗan buroshi, ka jera takardun bugu a tsakaninsu, ka sa duka cikin leda, ka ɗora littafi mai nauyi. Da safe takardar ta yi sanyi da laushi, idan ka ɗora ta a kumatu ka ji danshi, amma babu ƙyallin ruwa a fuskarta.

Takarda mai laima tana buɗewa, busasshiya tana tsukewa, don haka dole danshinta ya zama ɗaya daga launin fari har na ƙarshe. A nan hunturu ya koya mini darasi. Na buga baƙi da safe, na bar takardun a buɗe na tafi salla da cin abinci, da na dawo na buga ja. Takarda goma sha biyu, kowacce leɓen ya sauka sama da baki, kamar ja yana neman hawa hanci. Kento lafiya lau yake, iska ce ta tsuke takardar. Idan kana inda iska ke bushewa haka, rufe taga, kashe fanka, ajiye roba da ruwa a ɗakin, kuma duk takardar da ka buga ta koma leda nan take. Da damina kuwa kada tarin ya wuce kwana biyu ko uku, zai yi fumfuna.

Bugu

Zauna katako a gabanka, ka sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya motsa. Shafa masa ruwa ka ba shi mintuna ya sha. Ɗiga launi nan da can da ƙaramin buroshi, ɗiga nori kaɗan kamar ƙwayar gero biyu ko uku, sannan ka gauraya su a kan katakon da babban buroshi, kana zagayawa. Ƙarasa da shafa mai sauƙi daga gefe zuwa gefe, har fuskar ta yi sheƙi ɗaya ba tabo.

Ɗauki takarda tsakanin manuni da na tsakiya a kowane hannu, kamar almakashi, manyan yatsu a sake. Sa kusurwa a kagi ka danne da babban yatsa, sa gindi a hikitsuke, sannan ka sake ta ta kwanta da kanta. Ɗora wata takarda mai santsi a bayanta. Goga baren a tsumma mai ɗigon mai, Japanawa man 'ya'yan itacen tsubaki suke sawa, ka fara daga kusa da kento, gajerun murza, ƙarfin yana fitowa daga kafaɗa zuwa gindin tafin hannu. Katakon layi ba ya son ƙarfi, musamman wajen gashi. Faffaɗan launi kuwa sai ka danna sosai, domin so ake launin ya shige cikin zaren takarda. Shi ya sa idan ka juya bayan bugu na gaske za ka ga launi ya leƙo da sawun baren.

Bugu uku ko huɗu na farko za su fito a koɗe, katako bai ƙoshi ba tukuna, don haka fara da takardun gwaji. Idan launi ya fito da ɗigo-ɗigo kamar riɗi, nori ya yi kaɗan ko hannunka ya yi sauƙi. Japanawa ma da sunan riɗi suke kiransa, goma, kuma wani lokaci da gangan ake yinsa a bango. Idan launi ya taru a bakin layi ya cike tsakanin silin gashi, ruwa ko nori ya yi yawa. Buga baƙi a duk takardun, sannan launi mai haske a duka, sannan mai duhu. Masu bugun Edo sukan yi wajen 200 a zama ɗaya na aiki. Kai yi ashirin, ka sa ran goma masu kyau.

Leɓe a ƙarshe nake yinsa, da launi kaɗan ƙwarai, don wurin bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Jan asali, beni, daga furen wani tsiro ake samunsa, shi ne kuma jan-bakin da matan Edo ke shafawa, abin da ke leɓen mace shi ke leɓen hotonta.

Idan hannunka ya zauna, gwada bokashi, launin da ke dusashewa a hankali. Goga jiƙaƙƙen tsumma a inda kake so launin ya ɓace, sa launi a gefe ɗaya na buroshi kawai, ka riƙa kai da komo a layi ɗaya ba tare da ka juya buroshin ba. A gindin riga yana da kyau matuƙa. Akwai kuma karazuri, bugu ba launi: ka sassaƙa adon farin ƙyalle, ka danna takarda mai laima da ƙarfi, adon ya fito a tashe, ba a ganinsa sai an karkata hoton ga haske. Bangon Utamaro mai walƙiya kuwa kirazuri ne, garin dutse mai ƙyalli da ake ɗorawa da gam. Hashiguchi Goyo ya dawo da irin wannan bango a hotonsa na mace mai taje dogon gashi a 1920. Bar wannan sai ka yi hoto na uku ko na huɗu, domin garin yana bin iska ya sauka inda ba a gayyace shi ba, har kan fuska.

Busarwa

Jera hotunan tsakanin kwalaye masu tsabta, ɗaya-ɗaya, ka ɗora nauyi. Bayan awa ɗaya canza kwalayen da busassu, ka bar su kwana biyu ko uku. Wanke katakai da ruwa kaɗan, wajen gashi da buroshi mai laushi, ka jingine su a inuwa, iska na ratsa gaba da baya don kada su lanƙwashe. Hoton kuma kada ka rataye shi inda rana ke bugawa. Beni da shuɗin furen tsuyukusa suna gudun haske, shi ya sa rigunan shunayya da yawa na zamanin Harunobu suka koma ruwan ƙasa a yau, gidajen tarihi kuma ba sa baje irin waɗannan hotuna sai na ɗan lokaci a haske mai rauni. Sa naka a cikin fayil tsakanin fararen takardu, ka rubuta kwanan wata da lambar bugu da fensir a gefen ƙasa.